Gani Bai Kori Ji Ba: Daga Hamadar Arizona Zuwa Gonakin Ohayo

Kawu ya tarye ni a filin jirgin saman Finiks da malafar kaboyi a ka da carbi a hannu. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana Amurka, amma har yau in ya ƙyalƙyale da dariya sai ka rantse a Fagge kake. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan nan, gobe da sassafe zan kai ka ka ga inda zan zuba kuɗin sallamata."

Farkon watan Oktoba ne na 2025. A arewacin ƙasar an fara fito da rigunan sanyi, amma a Finiks muna fita wajen ajiye motoci wata iska ta doke ni a fuska kamar na leƙa tanderun mai burodi. Kawu ya ce wannan ai rahama ce, da na zo a 2023 da na ga zafi, lokacin da aka jera kwana 31 kullum sai rana ta kai digiri 43 ko ta wuce.

Bai daɗe da yin ritaya daga aikin asibiti ba, kuma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne cip, wato 'yar ƙwayar nan ta silikon da ba ta fi farcen yatsa ba, wadda ita ce ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota da jirgin yaƙi. A hanyar gida ya karanta mini darasin kamar wanda ya haddace. A 1990 Amurka ce ke ƙera kashi 37 cikin ɗari na cip ɗin duniya. Kafin 2020 rabonta ya zube zuwa kashi 12, mafi ingancin ƙwayoyin kuma sai a Taiwan, tsibirin da Sin ke cewa nata ne, ruwan da ke tsakaninsu bai kai kilomita 200 ba. Da annobar korona ta zo, a 2021 aka ga sababbin motoci dubbai jibge a filaye ba a iya sayar da su, saboda rashin ƙwayar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba. Hankalin 'yan siyasa ya tashi. A watan Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 52.7, biliyan 39 daga ciki tallafi ne ga masu gina masana'antu, ga kuma rangwamen haraji. "To ka ga," in ji Kawu, "inda gwamnati ta zuba kuɗi haka, wanda ya sayi hannun jari ai ya tsinci dami a kala."

Washegari bayan asuba muka hau babbar hanya mai lamba 17 muka nufi arewa. Gidaje suka yi ta raguwa, sai duwatsu jajaye da wani irin ƙerana dogo mai ɗage hannuwa sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Muna karkatawa kan hanya ta 303 sai ga abin da muka zo gani. Gine-gine ne maka-maka a tsakiyar fili fetal, bututai sun nannaɗe su, injunan ɗaga kaya sun miƙa wuya a kansu kamar raƙuman dawa, ga sunan TSMC, kamfanin cip na Taiwan, da jan rubutu. Filin ya haura eka 1,100. Ba a barin baƙo ya shiga, don haka muka samu gefen hanya muka tsaya. Motocin ma'aikata na ta kwarara ciki tun rana ba ta fito sosai ba, domin mai aikin gini a wannan gari da sanyin safiya yake cin rabin aikinsa.

Kawu ya jingina da mota ya fara ƙirga da yatsu. A watan Mayun 2020 kamfanin ya ce zai kashe dala biliyan 12 a nan. A Disambar 2022 ya ce biliyan 40. A Afrilun 2024 ya ce biliyan 65, gwamnati ta yi masa alƙawarin tallafin biliyan 6.6. A Maris ɗin 2025 shugaban kamfanin, C.C. Wei, ya tsaya kusa da Donald Trump a fadar shugaban ƙasa ya ƙara biliyan 100, jimilla biliyan 165. Ya naɗe yatsun ya dube ni. "Gani ya kori ji," in ji shi.

Na yi shiru, don ba a musu da kawu a bakin titi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk lambobin da ya ƙirga kuɗin da zai fita ne. Ko ɗaya babu na shiga. Mai hannun jari kuwa daga abin da ya rage bayan an cire na fita daga na shiga yake ci.

Dattijon da ya kafa TSMC a 1987, Morris Chang, bai taɓa ɓoye shakkarsa ba. A 2022 ya faɗa a bainar jama'a cewa tsohuwar masana'antarsu ta arewa maso yammacin Amurka tana ƙera kaya da tsadar da ta fi ta Taiwan da kashi 50 cikin ɗari, kuma yana ganin yunƙurin dawo da sana'ar Amurka wahala ce mai tsada. A Yulin 2023 kamfanin ya ɗage ranar fara aiki a Finiks, ya ce babu isassun ƙwararrun da za su girka injuna. Da ya nemi kawo ma'aikata daga Taiwan, ƙungiyoyin ƙwadago na Arizona suka ce ba su yarda ba, aka yi ta ja-in-ja kafin a sasanta. Duk da haka sai a yi adalci: masana'anta ta farko ta fara fitar da ƙwayoyi masu nanomita 4 a ƙarshen 2024, kuma kamfanin ya ce ingancinsu ya yi daidai da na gida. Aikin ya yiwu. Sai dai shugabar AMD, Lisa Su, wadda kamfaninta ke saye a nan, ta ce ƙwayar Arizona ta fi ta Taiwan tsada da abin da ya haura kashi 5 amma bai kai 20 ba. TSMC da kansa yana gaya wa masu hannun jarinsa cewa masana'antunsa na ƙetare za su riƙa zaftare maki biyu zuwa uku daga ribarsa a shekarun farko, daga baya uku zuwa huɗu. Shi zai iya ɗauka, domin fiye da rabin cinikinsa riba ce kafin a cire sauran ɗawainiya, ga su Apple da Nvidia sun yi layi a ƙofarsa. Ƙaton da ya ɗauki buhu yana fito, ba shi ne ma'aunin kowa ba.

Da yamma maƙwabcin Kawu ya shigo, wani Ba'amurke ɗan asalin Meziko da ke gyaran injuna a ɗaya daga cikin masana'antun yankin. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a nan: Motorola ya sauka Finiks tun 1949, Intel kuma yana garin Chandler tun 1980. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya koma gida ya ɗauko wani faifan silikon da ya lalace, wanda ya maƙala wa hannun agogo ya rataya a falo. Ya cire ya miƙo mini. Faɗinsa santimita 30, kamar faifan rufe ƙwaryar fura, sirantarsa ba ta kai milimita ɗaya ba. In ka karkata shi ga haske sai launuka su gudu a kansa irin na bakan gizo, in ka ƙura ido sai ka ga an yanka fuskarsa gida-gida kamar allon dara. Kowane gida cip ɗaya ne. Ya ce faifai ɗaya yakan yi wata uku ko fiye yana zagaya injuna, ta matakai ɗaruruwa, a ɗakin da ƙura ƙwaya ɗaya ke iya kashe gida guda. Shi kansa kafin ya shiga sai ya rufe jikinsa ruf da farar riga, ido kawai ake gani.

Kawu ya ce, "Ka ji ko? Kuma duk a gida ake yi yanzu."

Mutumin ya yi murmushi ya ce ya danganta da abin da ake nufi da gida. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar layuka a kan faifan, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi a duniya, ASML na ƙasar Holan. Girmansa ya kai motar safa, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150, a wargaje ake lodo shi cikin jiragen sama. A cikinsa ake harbin ɗigon narkakken kuza da hasken leza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya don a samu hasken da ake zanen da shi. Madubansa daga kamfanin Zeiss na Jamus suke zuwa. Ruwan sinadarin da ake shafa wa faifan yawanci daga Japan. Iskar niyon da wasu injunan ke buƙata, kafin yaƙin 2022 kusan rabinta daga Yukiren take fitowa, daga Mariupol da Odesa. Ma'adinan galiyom da jamaniyom a hannun Sin suke, kuma tun Agustan 2023 ta sa musu takunkumin fitarwa. Sannan faifan da aka gama a Finiks, a lokacin da muke wannan hira, mafi ingancinsa sai an sa shi a jirgi an kai Taiwan a yayyanka a harhaɗa kafin ya zama abin sakawa a na'ura. Wurin da kamfanin Amkor zai riƙa yin wannan aiki a garin Peoria, nan kusa, a lokacin ake aza harsashinsa.

Na dubi faifan da ke hannuna. An dawo da tukunya gida, amma murhu da itace da gishiri duk na maƙwabta ne, kuma wasu maƙwabtan ba a ga-maciji da su.

Kafin mu bar Arizona na roƙi Kawu ya kai ni bakin babbar magudanar da ke shayar da garin. Kwata ce ta siminti mai tsawon kilomita 540, ta ɗauko ruwa daga Kogin Kolorado ta ratsa hamada har birnin Tuson. Ruwan kore shar, yana tafiya a hankali, babu ko bishiyar da za ta yi masa inuwa. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko, aka yanke wa Arizona kusan kashi 18 cikin ɗari na rabonta. A Yunin 2023 Gwamna Katie Hobbs ta dakatar da amincewa da sababbin unguwannin da za su dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen Finiks. Masana'antar cip kuwa galan miliyoyi take sha a rana, kuma ruwan sai an tace shi fiye da na allura. Kamfanonin suna gina wuraren sake tace abin da suka yi amfani da shi, kuma gaskiya noma ya fi su sha nesa ba kusa ba. Amma duk tacewa kuɗi ce da wutar lantarki, kuma ranar da famfo ya ƙafe a unguwa, ba gonar da ke can nesa mutane za su fara nunawa da yatsa ba.

Bayan kwana huɗu muka hau jirgi zuwa Kolombus ta jihar Ohayo, inda 'yar Kawu ke aure. Akanta ce, irin mutanen nan da ba sa yarda da lissafi sai sun sake shi da kansu. Tafiyar ba ta kai awa huɗu ba, amma kamar mun sauya duniya. Ganyayen bishiyoyi sun rine ja da rawaya, iska na cizon kunne, ni da na baro hamada da riga ɗaya sai da mijinta ya ara mini kwat. Da ta ji maganar kuɗin sallama ba ta ce komai ba. Ta dai ce, "Baba, gobe Asabar, ni ma akwai ginin da zan nuna maka."

Rabin awa ce daga gidanta zuwa New Albany, a gundumar Licking. Hanya sabuwa fil, mai faɗi, ta ratsa gonakin masara da waken soya da suka bushe suna jiran girbi. Muka wuce rumbunan adana bayanai na su Google da Meta da Amazon, dogayen gine-gine marasa taga. Can sai ga filin Intel, kusan eka 1,000. Ginin ya tashi, ba kango ba ne, akwai ma'aikata, akwai injunan ɗaga kaya da suka fi duk wanda na taɓa gani. Amma idon da ya ga kwararar motocin Finiks ya san bambancin kasuwa mai ci da wadda ta fara watsewa.

Ta kashe mota ta fara bayani a natse. A Janairun 2022 Intel ya ce zai kashe dala biliyan 20 a nan, ya ɗauki ma'aikata 3,000, ban da magina 7,000. Jihar Ohayo ta yi alƙawarin tallafin kusan biliyan 2, ta gina hanyoyi, ta ja ruwa. Ranar 9 ga Satumban 2022 Biden da kansa ya zo aza harsashi, aka ce 2025 za a fara ƙera cip. A 2024 mutanen ƙauyukan kudancin jihar sun riƙa fitowa bakin titi da kujeru suna kallon manyan kayan aikin da ake jawowa daga Kogin Ohayo, wani ya haura tan 400, tafiyar kwana da kwanaki kamar ta hawainiya. Kuɗin aikin ya tashi zuwa biliyan 28. A Fabrairun 2025 kamfanin ya ce masana'anta ta farko sai 2030 ko 2031. A Yuli ya ce zai ƙara rage gudun aikin, ya kuma fasa waɗanda ya shirya ginawa a Jamus da Folan.

Kawu ya daɗe yana kallon ginin ta gilashin mota. Ya ce, "To ai ga shi nan ana yi."

Ta ce, "Ana yi, Baba. Tambayar ita ce, wa ke biyan kuɗin jira?"

Da dare, bayan mun ci tuwo da miyar kukar da na ɗauko tun daga gida, ta jawo kwamfutarta kan tebur. Ta ce wa mahaifinta ya ɗauki masana'antar cip kamar motar haya da aka ci bashi aka saya. Ko ta fita ko ba ta fita ba, balas yana nan. Injunan da ke ciki su ne mafi yawan kuɗin, kuma a littafin akanta cikin 'yan shekaru ƙalilan ake rubuta darajarsu ta ƙare, TSMC shekara biyar yake ba su, domin kafin nan an fito da sabon samfuri. In masana'anta na aiki dare da rana cike da odar masu saye, riba ta yi ta zuba. In rabin injunan na zaune, ginin da ya ci biliyoyi sai ya koma rami mai cin kuɗi. Saboda haka, in ji ta, kafin a tambayi girman gini sai a tambayi wa ya riga ya sa hannu zai sayi abin da zai fito daga ciki. TSMC ya zo Arizona da masu sayensa a aljihu. Intel kuwa ya fara gini yana fatan su zo.

Ta juyo da allon kwamfutar. A 2024 Intel ya yi asarar dala biliyan 18.8. Ranar 2 ga Agustan shekarar hannun jarinsa ya faɗi da kashi 26 cikin ɗari a yini ɗaya, bayan ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 15,000 da dakatar da rabon ribar da yake yi tun 1992. A Disamba shugabansa Pat Gelsinger, wanda ya ɗauko wannan gagarumin gini, ya sauka. Ta kawo wani misalin, kamfanin Wolfspeed, mai ƙera ƙwayoyin da motocin lantarki ke amfani da su. Ya buɗe sabuwar masana'anta a jihar Niyok a 2022, ya ci bashin da ya haura dala biliyan 6 yana jiran kasuwar motocin lantarki ta bunƙasa, kasuwar ta yi sanyi. A ƙarshen Yunin 2025 ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi. Ya fito a Satumba, masana'antar na nan tana aiki, ma'aikata na shiga suna fita, amma tsofaffin masu hannun jari abin da aka bar musu bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na sabon kamfanin ba. Wanda ya wuce ta bakin shingen ba zai ga alamar komai ba.

Kawu ba mai saurin sallamawa ba ne. Ya ce ai gwamnati ba za ta bari Intel ya mutu ba, kuma ya yi gaskiya. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta mayar da tallafin da ta yi alƙawari ya zama hannun jari, ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin a kan dala biliyan 8.9. A Satumba Nvidia ya ce zai zuba biliyan 5, farashin ya yi tsalle da fiye da kashi 20 a rana ɗaya. Wanda ya saya lokacin da yake kusan dala 20 ya ga alheri. 'Yarsa ta amsa cewa haka ne, amma wanda ya saya a farkon 2021, yana sama da dala 60, har daren da muke magana bai mayar da uwar kuɗinsa ba. Ta ƙara da cewa ya dubi yadda abin ya faru. A watan Maris Trump ya tsaya gaban majalisa ya ce a soke dokar tallafin baki ɗaya. A farkon Agusta ya nemi sabon shugaban Intel, Lip-Bu Tan, ya yi murabus. Kafin watan ya ƙare sun zauna sun ƙulla ciniki. "Yaya, kai ɗan jarida ne," ta ce da ni, "gaya masa. Ginin shekara biyar ko goma, zaɓe kuma duk shekara biyu ko huɗu. Wa zai iya lissafa wannan?"

Ban iya ba, na kuma gaya masa haka. Abin da na ƙara shi ne, gwamnati in ta shiga kamfani, abin da take nema shi ne kada ƙasar ta wayi gari babu ƙwayar saka wa makamai da motoci, da kuma ayyukan yi a jihohin da ake neman ƙuri'a. Buƙata ce ta gaskiya, kuma ƙasa tana da hujjar biyan tsada don ta samu kwanciyar hankali, kamar mai gidan da ya haƙa rijiya alhali akwai famfo. Amma rijiyar tsaro ba a haƙa ta don a sayar da ruwa. Wani ne zai ɗauki tsadar: ko mai biyan haraji, ko mai sayen waya, ko mai hannun jari. Ceton kamfani daban, ceton kuɗin Kawu daban.

Akwai kuma abin da ya fi kowace gwamnati ƙarfi, wato juyin kasuwar kanta. Ƙarancin 2021 bai cika shekara biyu ba ya rikiɗe ya zama ambaliya, har kamfanin Micron ya yi asarar dala biliyan 5.8 a shekarar kuɗinsa ta 2023. Yanzu kuma kowa gini yake a lokaci guda. Tarayyar Turai ta tsara yuro biliyan 43, Japan ta buɗe masana'antar TSMC a Kumamoto a Fabrairun 2024, Indiya ta shigo, Sin na ta zuba kuɗi a ƙwayoyi masu sauƙin ƙira. Buƙatar ƙirƙirarriyar basira ce ke riƙe da kasuwar manyan ƙwayoyi a yanzu. In kowa ya shuka tumatir a damina ɗaya, kowa ya san yadda kwando ke ƙarewa a kasuwa.

Mijinta, wanda tun ɗazu yake saurare, ya tuna mana da abin da ya faru a jihar Wiskonsin. A 2017 kamfanin Foxconn ya yi alƙawarin masana'antar allunan talabijin ta dala biliyan 10 da ayyuka 13,000 a ƙauyen Mount Pleasant. Aka tashi mutane daga gidajensu, aka shimfiɗa hanyoyi. A 2021 aka sake yarjejeniyar, ta koma dala miliyan 672 da ayyuka 1,454. Ni kuwa sai hankalina ya koma gida, ga masaƙun Kakuri a Kaduna da ƙofofinsu ke garƙame, ga Ajakuta da aka fara tun 1979. Ba na haɗa ƙarfin Amurka da namu, su suna da wuta da jari da masu saye. Amma mu da muka taso muna ganin ana yanka ƙyalle ana tafi, bai kamata a ce hoton buɗe masana'anta ya ruɗe mu ba, ko a wace ƙasa aka ɗauke shi.

Na lura da wani abu a tafiyar nan. A Finiks da New Albany duka, akwai waɗanda suka riga suka ci nasu ko da me za a ƙare: ɗan kwangilar da ya zuba kankare, mai sayar da injin da aka biya shi kafin ya sauke, manomin da ya sayar da gonarsa da tsada ya koma wani gari. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Sai ma'aikaci ya karɓa, mai kawo kaya ya karɓa, banki ya karɓa, hukumar haraji ta karɓa, sannan a duba ko akwai saura a tukunya.

Da safe na tarar da Kawu a falo da carbinsa, jikokinsa na hawa kansa. Bai ce an kayar da shi ba, kawu ba ya faɗin haka. Ya dai ce ya yi shawara da matashinsa, zai saka ɗan abin da in ya ɓata ba zai hana shi barci ba, kuma ba a kamfani ɗaya ba, sauran ya bar shi inda yake. Sannan ya ce wa 'yarsa ta rubuta masa tambayoyin nan a takarda, manya-manya yadda zai gani ba tabarau: wa zai saya, nawa ne bashin, yaushe kuɗi zai fara shigowa, kuma me zai rage in gwamnati ta janye hannu.

Mai karatu, yau da waya a hannu mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi zai iya sayen hannun jarin kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba, kuma za a yi ta turo maka hotunan gine-gine da lambobin biliyoyi. Kafin ka taɓa kuɗin makarantar yara ko na sallamarka, ka yi wa kanka tambayoyin Kawu guda huɗu. Ni dai na je na gani da idona. Ranar da aka aza harsashi a Ohayo an ce 2025 za a fara ƙera cip. Na tsaya a bakin shingen a watan Oktoban 2025, ko ƙwaya ɗaya ba a ƙera ba.